Kalmomi Sittin Daga Bakin Kaka

A ajinmu babu wanda bai san ni da kwaikwayo ba. In na kalli mutum sau biyu, na ɗauke tafiyarsa da tarinsa da yadda yake gyara hula. Shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare a Haɗeja, wannan baiwar ce ta so ta hana ni zuwa Baturiya.

Makarantarmu ta shirya kai 'yan ajinmu dausayin Baturiya, kallon tsuntsayen da suke sauka a can idan sanyi ya fara shigowa. Mota ɗaya ce, kujeru a ƙirge, sunana kuma yana cikin takardar da aka liƙa a ƙofar ofis. Sati uku na yi ina cika baki. Na gaya wa ƙawayena ni jikar masunta ce, daga kuka nake gane tsuntsu, alhali in aka cire balbela da tattabara da kazar gidanmu ban san kowa ba. Wadda ba ta samu kujera ba ma har tausaya mata nake yi da ƙarfi, yadda za ta ji.

Ranar Alhamis Malamin Hausa ya shigo da darasin ɗafa-ƙeya, wato ɗan guntun da ake liƙa wa kalma a ƙarshe ya sauya mata aiki. Ya rubuta Haɗeja a allo, ya ce gari ne. Ya ƙara mata wutsiya ta zama Haɗejawa, ya ce ga mutanen garin. Ya sake wata ta zama Haɗejanci, ya ce ga irin maganarsu. Darasin ba laifi. Matsalar ita ce, duk sanda Malam ya zo ƙarshen kalma sai ya ɗaga dugadugansa ya tsaya a kan 'yan yatsu, kamar kalmar ce take jan sa sama da igiya. Na daure a kalma ta farko. Na daure a ta biyu. Ana cikin haka aka aiko kiransa ofis.

Kafin ƙurar takalminsa ta kwanta na riga na isa gaban allo. Na ɗora jakar wata a kaina a matsayin hula, na yi tari sau biyu, na ce, "Ɗalibai! Surut... ANCI!" na yi sama har ina neman taɓa rufi. Aji ya kece. Na ƙara da "Barc... AWA!" ina nuna 'yan layin baya. Ina shirin ta uku na ga dariya ta mutu a fuskar kowa lokaci ɗaya. Malam ne a taga, ya jingina da gwiwar hannu kamar mai kallon wasa a dandali.

"Ci gaba, Malama," ya ce. "Ai ni ma ina ƙaruwa."

Na sauke jakar a hankali.

Bai dake ni ba, bai sa ni tsallen kwaɗo ba. Da ma ya yi. Cewa ya yi tunda na ƙware, ranar Litinin in kawo masa kalmomi sittin masu ɗafa-ƙeya. Ba daga littafi ba, daga bakin dattijo ko dattijuwar da ba ta taɓa zama ajin boko ba, kowace kalma da maganar da aka faɗe ta a ciki.

"In babu sittin, kujerarki ta Baturiya ta zama ta waccan," ya nuna yarinyar nan da nake tausaya wa. Ita kuwa ta gyara zaman hijabinta kamar har an kunna mota.

A gida Baba da Umma duk sun yi boko, saboda haka ba su da amfani a gare ni. Sai Kaka, mahaifiyar Baba, da take ƙauyenmu a bakin fadama tana sana'ar bandar kifi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Baffa ƙanin Baba ya ɗora ni a babur. Muka ratsa lambunan tattasai da albasa, da gonakin shinkafar da aka gama yanka, da wuraren da ciyawar kacalla ta cinye hanyar ruwa ta tsaya ƙyam ta fi mutum tsawo. Tun kafin a hango gidan Kaka ake jin sa a hanci.

"Wa nake gani kamar 'yar boko?" ta ce daga cikin hayaƙi. "Yunwa ce ta koro ki daga birni?"

"Tsohuwa, ke dai ba kya mutuwa? Na zo ganin gadona ne."

"Ga shi nan," ta nuna tulin ƙayar kifi. "Kwashe abinki."

Haka muke da ita tun ina rarrafe. Bayan na sha ruwa na zauna na yi mata bayanin abin da ya kawo ni, tiryan-tiryan, har da saiwar kalma da abin da ake liƙa mata a ƙeya. Ta saurara har ƙarshe tana juya kifin karfasa a kan wayar banda.

"Ita kalmar har ƙeya gare ta? To Allah ya ba ta lafiya. Ɗauko mini wuƙa."

Na ɗauko.

"Miƙo tsinken nan. Ɗebo ruwa. Jawo itacen can. Wanko robar nan."

Sai da na yi zirga-zirga ta kai goma sannan na tsaya cak da roba a hannu. Ɗauko, miƙo, ɗebo, jawo, wanko. Ashe duk maganar Kaka da "o" take ƙarewa, saboda komai na duniya wajenta ake kawo shi, ita tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugune. Ban taɓa jin ta ce ɗauka ko miƙa ba. Na ruga na ciro takardu biyu daga tsakiyar littafina, don kada littafin ya sha man kifi, na fara rubutu. Kafin magariba ina da goma sha ɗaya.

Washegari Asabar masunta suka kawo kamun safe. Aikin Kaka a jere yake: a fasa ciki, a wanke, tarwaɗa a naɗe ta kamar gammo a soke da tsinke, a jera a kan waya, a sa wuta mai hayaƙi ba mai harshe ba. Ta ba ni tarwaɗa ɗaya in naɗe. Ta suɓuce mini, ta faɗa ƙasa, na bi ta, ta sake suɓucewa, kaza ta shigo cikin maganar.

"Kai, jikar nan! Wannan wane irin sakarci ne? Kifin da ya mutu ma ya fi ki wayo!"

Sakarci. Na ajiye tarwaɗa na rubuta.

"Au, rubutu ma kike yi? Lalaci dai! Ragwanci!"

Nan na gane na haƙo rijiya. Kaka in ta fara faɗa tana iya kaiwa daga hantsi zuwa azahar ba ta maimaita kalma ba, kuma rabin zaginta ɗafa-ƙeya ne zalla. Abin da ya rage mini kawai in riƙa tsokano ta. Na sa takalmanta na fita ƙofar gida, na samu rashin kunya, wadda ba ta shiga lissafi ba, da shashanci, wanda ya shiga. Na goge hannun kifi a jikin labulenta, na samu ƙazanta. Na ɗauki karfasa mafi girma daga kan waya na ce ɗanɗanawa zan yi, na samu mugunta da almubazzaranci. Na ce mata miyar Umma ta fi tata, wannan kaɗai ta ba ni bakwai. Kafin la'asar ina da sittin da huɗu, har da rara. Na ninke takarduna na danne su da kwanon sha a bakin gadonta, na ci tuwo malmala biyu saboda murna.

Ranar Lahadi na koma barci bayan sallar asuba, ban tashi ba sai da rana ta shigo ɗaki. Ranar kasuwa ce a garin da yake tsallaken ruwa, mata masu sarin banda sun zo sun tafi tun da sassafe. Na ɗaga kwanon sha. Babu komai.

"Kaka, ina takarduna?"

"Waɗanne?"

"Na ƙarƙashin kwano!"

"Oho. Ai kin kyauta da kika zo da su. Takardar naɗi ta ƙare mini. Wata ta sayi tarwaɗa shida na naɗe mata."

Kalmomina sittin da huɗu suna cikin kwale-kwale, rungume da tarwaɗa, sun nufi kasuwa. Na zauna a ƙasa na buɗe baki na fara kuka irin wanda maƙwabta suke leƙowa ta katanga su tambayi wa ya rasu.

"Ke, ni fa sai da na duba," Kaka ta ce, ta ɗan rikice. "Na juya gaba na juya baya, babu sunan Allah a ciki. Boko ce tsagwaronta."

Ta ja hannuna zuwa ɗaki ta nuna mini tsakanin azara da bango. Wurin cike yake da guntayen takardu. Kaka ba ta iya karatu ba, sai surorin sallarta da ta haddace, amma ta san kamannin baƙaƙen Larabci, kuma a wurinta duk abin da aka rubuta da su ba ya taɓa ƙasa. In ta tsinta a hanya sai ta kaɗe ta kawo gida ta soke a sama. Akwai yagaggiyar kalanda, akwai fatar kwalin dabino, na ga har ledar biskit. Takardar boko kuwa, ta naɗin kifi ce da hura wuta, haka ta taso ta gani.

Na gaya mata maganar Baturiya da kujerata. Daga nan sabuwar masifa ta fara: Kaka ta koma mutumiyar kirki.

Ta dama mini kunu. Ta zaɓo mini karfasa mai ƙwai. Ni kuwa da na zauna tunawa, kalmomi ashirin da 'yan kai kawai suka dawo, sauran sai an sake zagina. Baffa zai zo ɗaukata bayan la'asar. Na sa takalmanta na zaga tsakar gida sau uku a gabanta.

"Sun yi miki kyau, 'yar albarka."

Na bar ƙofa a buɗe akuya ta shigo ta sa baki a tsakin kaji.

"Ƙyale ta, ita ma baiwar Allah ce."

Na ce miyarta ta jiya ba gishiri, ba daddawa, ba kan gado.

"Haka ne. Tsufa ne."

"Kaka, don Allah ki zage ni!"

"A'a, ni na ɓata miki. Sha kununki."

Tunda aka haife ni ban taɓa shiga tashin hankali irin na ranar ba. Na haƙura na ce bari in tsare 'yan waɗanda na tuna kafin su ma su gudu. Sai dabara ta zo mini. A Islamiyya an koya mana ajami, wato rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci. In na rubuta da shi, ai ko takardar naɗi ta ƙare a duniya Kaka ba za ta taɓa tawa ba. Na ciro sabuwar takarda na zauna kusa da murhun banda na rubuta su tsaf daga dama zuwa hagu. Da na gama, na ajiye ta a ƙasa kusa da robar kayan cikin kifi, na danne da dutse, na tafi wanke hannu.

Ihun Kaka ne ya dawo da ni a guje. Na same ta tsaye, ita da take cewa gwiwa ta hana ta miƙewa, ta ɗauke takardar tana goge ta da gefen mayafinta.

"A ƙasa? Kusa da ƙazanta? Wannan wane irin jahilci ne! Ke ba a koya muku komai ba sai iskanci da shashanci? Wauta! Gidadanci! Butulci! Uban naki haka na rene shi?"

Rijiya ta dawo da ruwa. Takarda tana hannunta, saboda haka na zaro biro na hau rubutu a tafin hannuna, na cika shi na haura damtse. Ta tsaya tana haki, ta dube ni.

"Me kike rubutawa kuma?"

"Ba komai."

"Ita wannan ɗin wace addu'a ce? Karanta mini."

Na so in yi ƙarya, amma ƙarya a kan addu'a ta fi ƙarfina. Na karɓa na fara karantawa da ƙaramar murya. "Sakarci: kifin da ya mutu ma ya fi ki wayo. Lalaci. Ragwanci. Ƙazanta: wa ya goge hannu a labulena, 'yar banza..."

"Tsaya."

Na tsaya.

"Wannan bakin wa ye?"

"Naki ne, Kaka."

"Zagin nawa kika rubuta da baƙaƙen Alƙur'ani? Kuma gaban malami za ki kai, ya karanta, ya ce ga abin da tsohuwar gidanku ta iya?"

Ta karɓe takardar. Ta dubi wuta, ta kasa jefawa. Ta dubi kwandon shara, ta yi a'uziyya. Daga ƙarshe ta shiga ɗaki ta taka gado ta soke ta a azara, tsakanin kalanda da kwalin dabino. Ta fito ta miƙo mini sabulu da soso ta tsaya a kaina har sai da na wanke hannuna fes. Azahar ta wuce, ba ni da kalma ko ɗaya.

Na ɗauka shi ke nan, har na fara tsara ciwon da zan ce ya kama ni ranar tafiya. Sai na ga Kaka ta sake shiga ɗaki. Ta fito da sabon zani da mayafin zuwa suna, ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, nesa da kifi, ta zauna ta miƙe baya kamar za a ɗauke ta hoto.

"Kawo takarda. In dai maganata ce za ta je gaban malami, ni zan zaɓa. Irin masu wutsiyar nan ko? Rubuta mutunci."

"Da boko ko da ajami?"

"Da wancan mai daraja. Kada wani ya naɗe kifi da ita a hanya."

Ta ce mutunci, ta ba ni maganarsa. Ta ce zumunci, ta ce karamci. Da ta zo maƙwabtaka sai ta ba ni labarin shekarar da ruwa ya shigo gari, maƙwabcinta ya kwashe awakinta a kwale-kwale kafin ya koma ɗaukar nasa buhunan. Da ta zo gwaninta ta ce kakana in ya kwanta a kan gora ya shiga ruwa, kifi da kansa yake sallama. Ƙuruciya ta ba ta dariya har ta share ido, ta ƙi gaya mini dalili. Amintaka, dangantaka, jaruntaka, adalci, fatauci, aminci. In ta kawo wadda ba ta da wutsiya in ce ba ta shiga, sai ta ce, "To ita wannan gunduwa ce, jefar," ta lalubo wata. Na mayar da su ɗauko da miƙo, ta yarda da su, ta ce aike ba zagi ba ne. Muna kan hamsin da takwas muka ji hon ɗin Baffa a ƙofar gida.

"Ya jira!" ta ce. "Ni na haife shi."

Da muka cike sittin ta ninke takardar da kanta, ta sa a leda, ta hana ni haɗa ta da ƙullin kifin da ta ba ni in kai gida. Sannan ta riƙe kunnena.

"Ki yi mini alkawari. Waɗancan na azara, ko ɗaya kada ta shiga kunnen malaminku."

"Na yi, tsohuwa. Saki, zai cire."

Ranar Litinin na miƙa wa Malam takardar a gaban aji. Ya buɗe, ya ɗaga gira, ya kai ta kusa da hanci ya janye. Na yi fatan ajamin zai ba shi wuya ya ce na ci kawai. Ina! Ya karanta shi kamar ruwa, har yana gyara mini wasali. Yana tafe yana ƙirgawa da jan biro. Sau uku na ga biron ya ja layi. Ashe marasa wutsiya uku sun sulale mini ban lura ba.

"Haƙuri, albarka, lafiya. Kalmomi ne masu kyau, amma ba abin da aka liƙa musu, haka suka zo. Hamsin da bakwai." Ya dube ni. "Saura uku. In kin ji wasu a bakinta, faɗe su yanzu in karɓa."

Wasu? Ai talatin ne a kan harshena suna turereniya kamar 'yan kasuwa a bakin kwale-kwale. Uku kawai zan saki in shiga mota. Na waiwaya, yarinyar nan har ta fara murmushi da haƙora. Na buɗe baki, na tuna Kaka a kan tabarma da mayafin zuwa suna, na rufe.

"Akwai, Malam. Amma na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Ke? Akwai maganar da kike iya riƙewa?"

Aji ya yi dariya. Ya ce in yi bayani, na ba shi labarin tun daga tarwaɗa shida har azara, ina tsallake kalmomin kamar mai tsallake kwata. Da na zo wurin ledar biskit sai ya ɗaga rajista ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna motsi. Ya daɗe a haka. Da ya sauke, ya gyara murya ya ce shi ma alkawari ya yi: babu sittin, babu kujera. Kujera ta zama ta waccan. Yarinyar ta yi 'yar ƙara ta rungume ta kusa da ita.

"Amma," ya ce, "hamsin da bakwai ba ta zama a gida ba. Akwai kular abinci da za a ajiye a bakin ƙofar mota, tana bukatar mai danne murfinta. Ita kuma takardar nan ni zan riƙe. Ki gaida Hajiya, ki ce malami ya karanta, ya ce madalla."

Haka na je Baturiya a zaune a kan kular dafa-duka, gwiwoyina a haɓa, duk ramin da mota ta faɗa sai kaina ya gaisa da rufi. Shinkafar kuwa da zafinta aka zuba. Kafin mu isa na dahu ta ƙasa, ina sauka ina tafiya kamar agwagwa. Tsuntsaye kam na gan su, sun rufe ruwa har ba a ganin ruwan, in suka tashi gaba ɗaya sai ka ji kamar ana kaɗe zannuwa dubu. Ƙawayena suka yi ta nuna su suna tambayata sunayensu, tunda ni jikar masunta ce. Na ba kowanne suna nan take, ban yi gargada ba, har sai da mai gadin wurin ya matso ya tambaye ni a wane gari ake kiran su haka.